Sharhi kan wani asibitin gashi a Zariya da yadda ya karanta mana hoton ƙwaƙwalwa

Akwai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Zariya wanda ya keɓe aikinsa ga masu shanyewar ɓarin jiki bayan an sallamo su daga babban asibiti. Abin da ake samu a can ba shi da yawa: ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda yake zama a wasu ranaku na mako, sai gashi da motsa jiki, awon jini da na suga, da ziyarar gida ga wanda fitowa ta gagara. Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba sa kwantar da marar lafiya, kuma ba su taɓa nuna mana cewa suna da ɗaya daga cikin biyun ba. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin abin da zan faɗa ya haɗa yabo da kuka, ba na kuwa so a ɗauki yabon a matsayin talla, ko a ɗauki kukan a matsayin ɓatanci. Ra'ayina dai shi ne, abin da ya cancanci kuɗin da ake biya yana cikin ofishin likita da ɗakin gashi, amma duk abin da ke tsakanin ƙofar waje da waɗannan ɗakuna biyu yana neman gyara.

Wanda muke kaiwa baffana ne, ƙanin mahaifina, tsohon malamin makaranta da ya daɗe da hawan jini, yana shan magani idan kai ya yi ciwo, yana ajiyewa idan ya ji sauƙi. Wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe masa a tushen ƙwaƙwalwa, a ɓangaren dama na saman sashen da likitoci ke kira fons, ta bar shi da nauyin hannu da ƙafar hagu, da nauyin harshe, da tangaɗi idan ya miƙe tsaye. Bayan sallama, babban ɗansa ya kai shi wata cibiyar ɗaukar hoto a wajen Zariya, inda aka sake yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, aka ƙara da wani hoto mai launuka da ke nuna yawan jinin da ke ratsa kowane sashe na ƙwaƙwalwa. Takardar sakamakon ta ce jini ya ragu a rabin hagu na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ya kuma ragu a gaba da gefen dama na babbar ƙwaƙwalwa. Gida ya rikice, domin kowa ya ɗauka ciwon ya sake bugun sa a wurare biyu ba tare da an sani ba, har wani mai kantin magani a unguwa ya fara yi mana lissafin kuɗin ƙarin ruwan da ya ce yana buɗe jijiya. Da wannan takarda muka shiga wurin da nake sharhi a kai.

Likitan bai fara da takardar ba. Ya ajiye ta gefe, ya gaida Baffa gaisuwar ɗa da uba, sannan ya duba motsin idanunsa, ya sa shi ya fito da harshe, ya taɓa hanci da yatsan kowane hannu, ya ɗaga ƙafa, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Sai da ya gama wannan ya nemi faifan hoton kansa, ya sa a kwamfuta, ya juyo da fuskarta inda duk muke gani. Ya nuna mana tabo guda ɗaya, wanda bai wuce santimita guda ba, a saman fons ta dama. Ya koma wurare biyun da takarda ta ambata, ya nuna cewa a hoton da ke bayyana naman ƙwaƙwalwa babu tabo ko ɗaya a cikinsu. Daga nan ya buɗe hoton jijiyoyin jini, ya bi manya biyu na gaban wuya, ya bi biyun da ke hawa ta cikin ƙasusuwan wuya su haɗe su zama jijiya ɗaya a gaban tushen ƙwaƙwalwa, duk a buɗe suke. "Baba," in ji shi, "ciwon nan wuri ɗaya ya taɓa ku, ba uku ba." Baffa, wanda harshensa ya yi nauyi amma kaifin malanta bai bar shi ba, ya ce, "To Likita, in hanya a buɗe take, me ya hana jinin zuwa?"

Amsar da ya bayar ita kaɗai ta fanshe kuɗin katinmu. Ya ce da Baffa ya tuna yadda Samaru take idan jami'a ta tafi dogon hutu: 'yan ga-ruwa sukan daina tura kura zuwa gidajen hayar ɗalibai, ba domin rijiya ta ƙafe ba, ba kuma domin an toshe hanya ba, sai domin masu sayen ruwan ba sa nan. Wuraren nan biyu, in ji shi, ba rashin jini ke damun su ba. Aikinsu ne ya ragu saboda saƙon da ke zuwar musu ta hanyar da ta lalace ya yanke, jini kuwa a cikin ƙwaƙwalwa aiki yake bi.

Da yake ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, na bi diddigin wannan bayani daga baya, na kuma same shi a kan turba. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin baligi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma a matsakaici kimanin mililita 50 na jini ke ratsa kowane giram 100 nata a minti guda. Ba ta iya ajiye abin da za ta ci anjima, saboda haka ƙananan jijiyoyin jininta suna buɗewa suna tsukewa gwargwadon aikin ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su. Tun a 1890 Charles Roy da Charles Sherrington suka kawo wannan magana a Ingila, kuma a kanta aka gina hotunan zamani da ke gane aikin ƙwaƙwalwa ta hanyar auna jininta. Ke nan raguwar jini a hoto tana iya nufin abubuwa biyu da suka yi hannun riga: ko dai jijiya ta tsuke nama yana neman mutuwa saboda rashi, ko kuwa naman yana nan da ransa amma ya rage nema. Launin da ke kan hoton yana iya zama iri ɗaya a duka biyun, amma abin da za a yi wa marar lafiya ya sha bamban.

Dalilin da ya sa ɗan ƙaramin tabo a tushen ƙwaƙwalwa yake iya taɓa wuraren da ke nesa da shi yana cikin tsarin halittar wurin. Tushen ƙwaƙwalwa gajeren sashe ne mai hawa uku, na sama, da fons a tsakiya, da medula a ƙasa inda yake haɗewa da laka, kuma kusan duk zaren jijiyar da ke sauka daga babbar ƙwaƙwalwa zuwa jiki, da wanda ke hawa daga jiki, ta nan yake matsewa ya wuce. Daga cikinsu akwai wata babbar hanya da ke tasowa daga ɓawon babbar ƙwaƙwalwa, musamman gaba da gefe, ta sauko ta tsaya a fons ta ɓangarenta, daga nan wasu zaruruwan su karɓi saƙon, su tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, su shiga ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke daidaita motsi da tsayuwa. Ita ma ƙaramar ƙwaƙwalwar tana mayar da amsa ta wata hanya da ke sake tsallakawa, ta bi ta talamus, wani zangon saƙo da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta koma ɓawon da saƙon ya fito. Idan aka yanke wannan zagaye a saman fons ta dama, kafin zaren ya tsallaka, rabin hagu na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne zai rasa saƙo, ɓawon dama kuma shi ne ɗaya bakin zagayen. Wuraren da takardar Baffa ta ambata ke nan, babu ƙari babu ragi. Raunin jikinsa ma ya faɗa hagu ne saboda zaren da ke motsa gaɓoɓi sai ya sauka medula yake tsallakawa.

Likitoci suna kiran wannan yanayi diyaskisis. Constantin von Monakow, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Rasha da ya yi aikinsa a Zurik ta ƙasar Suwizalan, shi ya shimfiɗa maganar a babban littafinsa na 1914, a zamanin da babu wata na'ura da za ta nuna ta a jikin mai rai. Sai a farkon shekarun 1980 Jean-Claude Baron da abokan aikinsa a Faransa suka gan ta da na'urar PET, mai ɗaukar hoton jini da cin oksijin a ƙwaƙwalwa: mutum ya samu toshewa a rabin babbar ƙwaƙwalwa, sai jini da cin oksijin su ragu tare a kishiyar rabin ƙaramar ƙwaƙwalwa, alhali babu abin da ya taɓa ta. Wannan raguwa ta tare ita ce hujjar, domin naman da jini ya yi wa kaɗan yakan ƙara tatsar oksijin daga ɗan abin da ya samu, wanda ya rage aiki kuwa ba ya yin haka. Game da tushen ƙwaƙwalwa kansa, a 1993 Franz Fazekas da abokansa a birnin Giraz na ƙasar Ostiriya sun duba mutum 6 masu toshewa a ɓangare ɗaya na tushen da na'urar SPECT, wadda ita ma take nuna yawan jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa. Sun samu bambancin jini a mutum 2 da tabonsu yake saman fons, ba su same shi a waɗanda nasu yake ƙasa da nan ba, kuma abin da suka gani shi ne raguwa a kishiyar rabin ƙaramar ƙwaƙwalwa, da kuma gaba da gefen babbar ƙwaƙwalwa ta ɓangaren tabon. Mutum 6 ba yawa ba ne, ba a kuma yanke wa duniya hukunci da su, amma sakamakon ya dace da tsarin hanyoyin, ya kuma dace da faifan da ke kan teburin likitanmu.

Inda na fi jinjina wa wannan likita shi ne inda ya tsaya. Bai ce duk raguwar jinin da aka gani nesa da tabo diyaskisis ce ba. Ya ce shi ya sa ya fara bin manyan jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, domin mai hawan jini da ya manyanta yana iya samun tsukewar jijiyar wuya a lokaci guda, wannan kuwa magana ce daban mai nata haɗari da nata magani. Bai kuma yarda ya yi duba da hoton ba. Babban ɗan Baffa ya matsa masa ya faɗi ko launin zai dawo, da kuma yaushe, sai ya ce a wasu mutane yakan farfaɗo cikin makonni ko watanni, a wasu yakan daɗe har rabin ƙaramar ƙwaƙwalwar ya ɗan motse bayan shekaru, kuma shi ba da launin hoto yake auna ci gaba ba, da takun ƙafa da riƙon cokali yake aunawa. Da aka tambaye shi ko a sake ɗaukar hoton nan gaba, ya ce muddin wata sabuwar alama ba ta ɓullo ba, a riƙe kuɗin a yi gashi da su. Maganar ƙarin ruwa kuwa, cewa ya yi, "Alhaji, jijiyar da ba ta toshe ba, me za a buɗe a cikinta?" Wani zai ce ai ba su da na'urar hoton, don haka hana mu bai rage musu komai ba. Haka ne, amma suna da ɗakin allura da ledojin ruwa, da sun ga dama da sun ɗaura masa na mako guda mun biya muna godiya, a garin da marar lafiya ba ya jin an yi masa magani sai ya ga leda a rataye. Abin da likitan ya rubuta bai wuce maganin hawan jini, da na rage kitsen jini, da ƙwayar hana jini daskarewa ba, ita ma sai da ya tabbatar daga hoto cewa toshewa ce, ba fashewar jijiya ba.

A nan ne ma wata gardama ta taso wadda ta nuna haɗarin karanta takarda ba tare da fahimta ba. Wani ɗan uwa ya kafe cewa tunda jini ba ya kaiwa wasu wurare, shan maganin da zai saukar da jini ƙara wa Baffa ciwo ne, kuma maganar ta yi kama da ta hankali har Baffa ya so ya karɓe ta, musamman da yake shi da ma ba mai son ƙwaya ba ne. Likitan ya warware ta da haƙuri, ya ce matsa jini da ƙarfi ba zai tada sashen da saƙo ya yanke masa ba, abin da zai yi kawai shi ne ya ci gaba da lalata ƙananan jijiyoyin da ke shiga fons, waɗanda suna cikin waɗanda hawan jini ya fi yi wa illa. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Badun ya jagoranta tare da Farfesa Bruce Ovbiagele a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Zariya da Kano, ya nuna a sakamakonsa na 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, sai kitsen jini, ciwon suga, yawan cin nama, ƙara gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. Asibitin yana auna jini duk zuwa, yana rubutawa a ɗan littafin da marar lafiya ke tafiya da shi gida, kuma ana buɗe littafin a duba, ba don ado aka ba da shi ba.

Ɗakin gashi shi ne rabin darajar wurin. Kayan aikinsu na talaka ne, sanduna biyu na koyon tafiya, tabarmar roba, madubi, keken motsa ƙafa da 'yan ƙwallaye, amma matar da ke kula da Baffa ta san abin da take nema. Ta lura tun farko cewa ƙarfin ƙafarsa ya riga daidaitonsa dawowa, saboda haka ta mayar da hankali ga tashi daga kujera, da juyawa, da tsayuwa ƙafa a haɗe, ta kuma ɗauko aikin hannu daga rayuwarsa ta kullum: riƙe buta, jan carbi, ɓalla maɓallin riga, da yin ruku'u yana dafe da bango. Takan ce, "Baba, a ƙara ɗaya saboda masallaci," domin ta gane cewa burinsa bai wuce ya koma sahu da ƙafarsa ba. Ta koya wa Inna, matarsa, yadda za ta tashe shi ba tare da jan raunannen hannun ba, tunda kafaɗar da tsokarta ta saki tana iya gocewa, ta kuma hana mu gasa masa gaɓoɓi da ruwa mai zafi, domin fatar da jinta ya ragu tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Ba ta taɓa ce mana motsa jiki zai mayar da jini ƙeya ba, ko da yake da ta faɗa da mun ji daɗi. Cewa ta yi maimaita aiki shi ke sa hanyoyin da suka tsira su ɗauki nauyin da aka bar musu. Yanzu Baffa yana zuwa masallacin ƙofar gida da sanda. Wani kaso na irin wannan sauƙi jiki ne ke kawo shi da kansa a watannin farko, amma daidaiton takunsa aikin ɗakin nan ne.

Inda suka gaza a aikin lafiyar kansa shi ne haɗiya. Cibiyoyin da ke sarrafa haɗiya da tari da numfashi a tushen ƙwaƙwalwa suke, musamman a medula, shi ya sa ciwon gefen medula da Adolf Wallenberg ya bayyana a 1895 yake zuwa da ƙwarewa wajen ci da sha, da dushewar murya, da shaƙuwa, da jiri. Abin tsoron shi ne abinci ko ruwa ya zarce huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba, ya jawo ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar ɓarin jiki bayan sun tsallake kwanakin farko. Wurin da ya keɓe kansa ga waɗannan bayin Allah ya kamata a ce yana da masanin gwajin haɗiya da gyaran magana, amma ba shi da shi. Abin da aka yi wa Baffa bai wuce ba shi ruwa a cokali ana kallon maƙogwaronsa ba, sai shawarar ya riƙa ci a zaune sosai, a dama masa kunu da kauri, a rage tsinka masa fura. Shawarar ba ta da laifi, kuma ta ishe shi tunda nasa ya zo da sauƙi, amma na ga wata tsohuwa a layi miyau yana zubar mata, wadda a ganina buƙatarta ta wuce cokali.

Akwai kuma sauyin hali. Baffa mutum ne mai hira da gardamar siyasa, sai ya koma shiru, yana jinkirin yanke shawara ko a kan ƙaramin abu, har wasu dangi suka fara raɗe-raɗin cewa da hannun mutum a ciki. Na tambayi likita ko raguwar aiki a gaban ƙwaƙwalwa ce ta jawo haka. Ya ce tana iya ba da gudummawa, tunda sashen gaba ne ke tsara niyya da shiri, amma ya tuna mini cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki sukan faɗa ciwon damuwa, kuma dattijon da harshensa ya yi nauyi yakan guji magana saboda kunya. Ya nemi mu ba su wuri suka gana su biyu, daga baya ya ba da shawarar a riƙa fito da shi majalisar ƙofar gida bayan la'asar, ko da ba zai ce komai ba.

Sauran kukan na tsari ne, amma ga mai jinya ba ƙarami ba ne. Ƙofar shiga matakala ce babu gangara, a asibitin da yawancin masu zuwansa a keken guragu suke ko a kafaɗar 'ya'yansu, banɗakin kuwa na tsuguno ne, babu abin dafawa. Ana ba kowa lokaci ɗaya da safe, sai a tara mutane a benci tun kafin likita ya iso, wanda ya yi sammako a Keke Napep daga Tudun Wada ko cikin birni yana iya kaiwa azahar bai shiga ba, cikinsu kuwa akwai masu ciwon suga da suka sha magani ba su karya ba. Babu jadawalin farashi a bango. Kuɗin ganin likita ba su yi yawa ba idan aka dubi lokacin da yake ba mutum, amma na gashi sukan canja ba tare da sanarwa ba, na ziyarar gida sai an yi ciniki, rasit ma sai an roƙa. Ga ɗan fanshon da za a yi watanni ana kai shi, rashin sanin abin da za a biya gobe shi ke sa iyali su yanke gashi a tsakiya.

Abin da ya fi duk waɗannan damuna shi ne, bayanin nan mai kyau a bakin mutum ɗaya yake zaune. Taƙaitaccen rahoton da suke ba mutum da Turanci ne, cike da gajerun alamomin likitoci da ko ɗan boko ba ya ganewa. Wata rana ma'aikaciyar jinya mai awon jini ta leƙa takardar ta ce da Inna, "Hajiya, ai jini ne ba ya kai masa ƙeya," magana ɗaya ta rushe abin da likita ya gina, sai da muka sake zama a gida muka warware mata. Da za su rubuta shafi guda da Hausa, da boko da ajami, mai zanen tushen ƙwaƙwalwa da hanyar nan da ke tsallakawa, su kuma zaunar da ma'aikatansu su koya musu bambancin toshewar jijiya da raguwar aiki, da amfaninsu ya ninka ba tare da sun sayi na'ura ko ɗaya ba.

Wurin ba na gaggawa ba ne, kuma wajibi ne a san haka. Toshewar jijiyoyin bayan ƙwaƙwalwa ta kai kusan kashi 20 cikin 100 na shanyewar da toshewa ke jawowa, kuma sau da yawa ba ta zuwa da karkacewar bakin da kowa ya sani. Takan zo da jiri mai tsanani farat ɗaya, da amai, da ganin abu biyu-biyu, da tangaɗi, da nauyin harshe, ko rashin ji a fuska ta wani ɓangare da jiki ta ɗaya ɓangaren, a nan ne kuwa ake ɓata lokaci da maganin maleriya ko na taifot. Mai irin waɗannan alamu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko wani babban asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, domin allurar narka gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Hoton CT ma yakan kasa nuna ƙaramin tabo a wannan lungu saboda kaurin ƙashin da ya kewaye shi, MRI ya fi shi gani. Ma'aikatan wurin sun san iyakarsu, domin a gabana aka kawo wani yana amai yana layi, suka tsayar masa da mota zuwa Shika ba su karɓi kuɗin kati ba.

Wanda zai kai nasa marar lafiya ya tafi da faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba, ya haɗa da duk kwalayen maganin da ake sha a gida har da na gargajiya, da abin karyawa, da mai ƙarfin da zai taimaka a matakala. Ya kuma fara tambayar ranar da likitan ƙwaƙwalwa ke zama, domin a sauran ranakun gashi da awon jini kawai ake yi, babu mai buɗe faifai.